Aciclovir: abin da na gani bayan shekara guda ina sha

Shekara biyu na yi ina shan maganin sanyi kafin in san sunan abin da ke damuna. Duk bayan wata biyu sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso min a gaba, su fashe su bar gyambo, fitsari ya zame min azaba. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni antibayotik kala-kala, na sha jiƙe-jiƙe, na yi zaman ruwan bagaruwa. Bayan kamar kwana 10 sai su bushe, in ce magani ya ci. Ashe don kansu suke bushewa.

Wata likita ce a nan Katsina ta duba ni ƙurajen suna ɗanye, ta ce, "Malama, herpes ce, antibayotik ba ya taɓa ta." Ta yi min bayani cewa ƙwayar cutar laɓewa take yi a jijiyoyin da ke gindin ƙashin baya, sai zazzaɓi ko gajiya ko damuwa ko jinin al'ada ya tashe ta. Ba ta ɓoye min ba, babu maganin da ke fitar da ita daga jiki. Ranar na yi kuka.

Ta rubuta min aciclovir, miligiram 400 sau uku a rana, kwana 5, duk lokacin da ciwon ya taso. Karon farko ban ga wani amfani ba, don sai da na kwana uku da ƙurajen kafin na fara sha. Maganin hana ƙwayar hayayyafa yake yi, saboda haka a ranar farko ake son a fara, tun ma kafin ƙurji ya fito in da hali. Sai na koyi sauraron jikina. Ni nawa da ƙaiƙayi yake sallama, da wani zugi mai gangarowa bayan cinya. Da na ji haka sai in sha. Wani lokacin cikin kwana huɗu ciwon ya wuce, akwai ma karon da ƙurjin bai fito ba sam. Tun daga nan ba na rabuwa da kati ɗaya a cikin jaka.

Da muka lissafa ya taso min sau 6 a shekara, sai ta mayar da ni kan na kullum, miligiram 400 safe da dare. A wata 12 ɗin nan sau ɗaya kacal ya dawo, shi ma bayan na yi maleriya. Da azumi ban sha wahala ba, ɗaya da sahur, ɗaya bayan buɗa-baki. Sai dai a kula da ruwa, musamman a zafin Afrilu irin namu, don ta ƙoda maganin ke fita.

Makon farko na yi fama da ciwon kai da tashin zuciya, daga baya suka lafa. Kuɗin saye kowane wata yana taɓa aljihu, ga mantuwa da ƙwayar dare. Akwai valaciclovir da ake sha sau ɗaya a rana, amma ya fi tsada, kuma ba kowane shagon magani ke ajiye shi ba. Na shafawa kuwa na gwada, asarar kuɗi ce kawai. Kullum ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin in biya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gaya wa maigida. Tare muka koma wurin likitar, ta ce masa cutar kan yi shekaru a jikin mutum ba tare da alama ba, don haka ba hujjar zargin juna ba ce. Ta ƙara da cewa maganin rage yaɗuwa yake yi, ba ya hana ta gaba ɗaya, mu ƙaurace wa shimfiɗa daga alamar farko har gyambo ya warke. In kuma na samu ciki, in faɗa tun a awon farko, don akan ba da maganin daga mako na 36 saboda kare jariri wajen haihuwa.

Wata mai zuwa zan koma, za mu duba ko in dakata da na kullum mu ga yadda jikin zai yi. Gaskiya gabana yana faɗuwa, amma na riga na sayi kati biyu na ajiye.