Naɗin bandeji ko safar matsi: wanne ya dace da hannun da ya kumbura bayan aikin nono?

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce bayan an yi miki aikin ciwon daji na nono hannun hagu ya fara nauyi, zobe ya daina shiga, hannun riga yana kama ki. Wata ta ce ki sayi safar nan mai matsewa, wata ta ce naɗi da bandeji ne magani, kina son sanin wanne ya fi.

Ki fara komawa wurin likitan da ya yi miki aikin ya duba. Gudan jini a jijiya ko dawowar ciwon a hammata su ma suna kumbura hannu, kuma sai an kawar da shakkarsu kafin a matse shi. In ya ce limfedima ce, wato kumburin taruwar ruwan jiki, to kaluluwar hammata da aka cire, da gashin na'ura, wato ƙona ciwon da haske, in an yi miki, su suka rage hanyar da ruwan jiki ke bi ya koma jini, sai ya taru kamar layin da kwatarsa ta toshe. Kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa maganin ciwon daji na nono tana gamuwa da hakan.

Aikin naɗi shi ne rage kumburin. Likitan fisiyo da ya koyi sana'ar zai naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sa miki safar auduga mai laushi, ya shimfiɗa auduga ko soso, sannan ya ɗora bandeji hawa-hawa har kusa da hammata, matsin ya fi ƙarfi a ƙasa yana raguwa zuwa sama. Bandejin na musamman ne, ba ya miƙewa sosai. In kin motsa hannu tsoka ta tokare shi sai ruwan ya tura sama, in kin huta matsin ya sassauta, shi ya sa ake kwana da shi. Don Allah kada ki sayi mai miƙewar nan na targaɗe a kemis ki ɗaure da kanki, yana iya shaƙe hannun yatsu su ƙara cika. Ana kwancewa kullum ko bayan kwana biyu, a wanke fata a sake naɗawa, yawanci tsawon mako 2 zuwa 4. Wahala kam akwai: hannu ya zama ƙato, ga zafin bazara, ga zirga-zirgar asibiti. Batun alwala kuwa, ki tambayi malami hukuncin shafa a kan bandeji, addini ya yi sauƙi a nan.

Ita safa riƙewa take yi. Ana sa ta da safe kafin hannu ya cika, a cire lokacin barci. Ba a sayenta da ka, sai an auna hannun da tef a wurare da dama. Yawanci ana farawa da mai matsi 20 zuwa 30 a ma'aunin ƙarfin matsi (mmHg), in bai isa ba a koma mai 30 zuwa 40, kuma in bayan hannu yana kumbura a haɗa da safar tafin hannu da yatsu. Ƙarfinta yana mutuwa cikin kamar wata 6, gara ki mallaki biyu, kina sanye da ɗaya ɗayar tana shanya a inuwa. Safar da ta nannaɗe daga sama ta yi miki zane a dantse ba girmanki ba ce.

A ganina, in kumburin kaɗan ne, yana sacewa in kin kwana, safa kaɗai za ta iya wadatar da ke. Amma in kin danna da yatsa ramin ya tsaya, barci ba ya rage shi, siffar hannun ta canza, naɗi za a fara, sai ya sauka a auna safa. Wadda ta sayi safa tun hannu yana cike ta saye ta a girman kumburin, in an rage shi daga baya ta yi mata yawa, kuɗin sun tafi.

Ko wanne kika bi, ki ci gaba da aiki da hannun. Binciken da Kathryn Schmitz ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2009, ya nuna ɗaga nauyi sannu a hankali, da safa a hannu, bai ƙara kumburi ba, har ma ya rage tashinsa. Tausar da ake yi wa wannan hannu shafa ce mai taushi, ba murza ba. Gashi da ruwan zafi, ƙaho da tsagar wanzami, ki nisance su gaba ɗaya, haka maganin sa fitsari, ba ya kwashe irin wannan ruwan. Ki riƙa shafa man kaɗe ko wani mai marar turare da dare, musamman da hunturu, domin ta 'yar tsagewar fata ƙwayar cuta ke shiga. Ranar da kika ga hannun ya yi ja, ya ɗauki zafi, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki cire safa ko naɗin ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira gari ya waye.