Fres-of ga sabon ɗan karate: durƙuso ko jingina da benci?

Ɗan'uwa da ya ce bai jima da shiga karate ba, fres-of (kifewa a kan tafin hannu ana sauke jiki ana tura shi sama) uku ke gagararsa, yana tambayar ko ya koma yi a kan gwiwa ko ya ɗora hannu a kan benci: zaɓi benci. Ko dakalin ƙofar gida, ko matakalar bene, duk abin da ba ya motsi.

Dalilin yana cikin nauyin da hannu ke ɗauka. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2011 ya auna wannan da na'ura: cikakken fres-of a ƙasa yana ɗora wa hannuwa kusan kashi 64 cikin 100 na nauyin jiki, na durƙuso kashi 49, idan hannu na kan abu mai tsayin santimita 60 kashi 41, a kan santimita 30 kuma kashi 55. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana tura kusan kilo 34 a durƙushe, ranar da ya miƙe ƙafa sai ya tarar da kilo 45 na jiransa, ba wani zango a tsakani. Shi ya sa za ka ga mutum yana yin ashirin a kan gwiwa, amma ya miƙe ƙafa biyu su gagare shi. Mai jingina kuwa sauka yake kaɗan-kaɗan: daga tebur zuwa benci, daga benci zuwa bulo, daga bulo zuwa ƙasa, kowane mataki ƙarin kilo kaɗan ne. Idan kana da sikelin auna nauyi a gida, ɗora hannuwanka a kai ka gwada na durƙuso da na miƙe ƙafa, ka ga bambancin da idonka.

Akwai kuma abin da ya shafi karate kai tsaye. A kan benci jikinka a miƙe yake tun daga diddige har ƙeya, ciki da ɗuwawu da cinya duk a ɗaure. Wannan ɗaurin ne malaminka ke nema idan ya ce ka riƙe ƙugu lokacin naushi, domin ƙarfin naushi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, kafin ya isa dunƙulen hannu. A ajin koyo ana gane waɗanda suka faro daga benci: ranar da suka sauko ƙasa, ko biyar kawai suka yi, biyar ne masu tsabta, baya bai lotsa ba, ƙirji ya kai ƙasa. Babu abin da za a sake koya musu.

Na durƙuso ba laifi ba ne, yana gina ƙirji da dantse, sai dai yawancin masu yinsa ɗuwawu a sama suke yi, ciki a sake. Amfaninsa ɗaya zan ambata nan gaba.

Ga yadda za ka fara. Nemi tsayin da za ka iya yin takwas zuwa goma masu kyau, ko da teburi ne mai kai wa ƙugu. Hannuwa su ɗan fi faɗin kafaɗa, yatsu na kallon gaba. Ja ƙafafu baya har sai gefen bencin ya daidaita da ƙasan ƙirjinka idan ka sauka, ba wuyanka ba. Gwiwar hannu kada ta buɗe ta yi daidai da kafaɗa, kuma kada ta manne da haƙarƙari. Tsaka-tsaki, kamar digiri 45. Buɗe ta da yawa shi ke jawo ciwon gaban kafaɗa da sababbi ke kuka da shi. Sauka cikin daƙiƙa biyu zuwa uku kana jan numfashi, ƙirji ya taɓa, sannan ka tura da sauri kana fitarwa. Ƙirji ne zai taɓa, ba goshi ba. Mai miƙa wuya yana rage wa kansa rabin aikin.

Zagaye uku zuwa huɗu, hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsu, sau uku a mako da kwana guda a tsakani. Ka tsaya tun kana da saura ɗaya ko biyu a hannu. Masu yi kullum har sai sun faɗi, jijiyar gwiwar hannu ce ke fara ba su labari, don ita ba ta saurin sabawa kamar tsoka. Idan ka yi zagaye uku na sha biyu-sha biyu a zama biyu a jere, rage tsayi. A matakalar bene mataki ɗaya za ka sauko. Bulo mai inci tara tsayinsa kusan santimita 23 ne, shi ne zangon ƙarshe kafin ƙasa, amma kada ka ɗora bulo kan bulo, kuma ka nisanci kujerar roba, zamewa take ko ƙafarta ta karye. Benci ma a jingina shi da bango.

Da ka kai kan bulo, ƙara wannan a ƙarshen zama: miƙe ƙafa a ƙasa, sauka a hankali cikin daƙiƙa biyar, sannan ka sa gwiwa ka taso. Sau huɗu ko biyar ya isa. Nan ne durƙuso ke da aiki. Kuma kada ka yi zaman nan dab da zuwa aji, hannun da ya gaji ba ya koyon naushi daidai. Bayan aji ko ranar hutu ya fi.

Ba ka tambaya ba, amma da zarar ka fara neman wannan a intanet tallace-tallace za su biyo ka Facebook da TikTok. Allon fres-of mai launuka da ake cewa yana gina jiki cikin wata guda, ba ya rage ko kilo ɗaya daga nauyin da ke gagararka, kuma masu arahar robarsu na tsagewa a bakin ramin mariƙi. Mafi muni su ne masu sayar da garin gina jiki a leda marar suna, marar lambar NAFDAC, da masu ƙwayoyin sha-ka-fashe. Irin su deksametason kumburi da kitse suke sa wa, daɗewa a kansu kuma raunana tsoka yake yi. Kuɗin ka sayi ƙwai, wake, awara, ƙuli-ƙuli da nono.

Fres-of na dunƙulen hannu da kake ganin manyan aji na yi, jira sai kana yin sha biyar a tafin hannu. Idan lokacin ya yi, a kan tabarma ko tawul ninki biyu, nauyi a kan gaɓoɓin manuniya da ɗan tsakiya, wuyan hannu a miƙe. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku ba komai, amma suka a kafaɗa ko wuyan hannu da ke dawowa kowane zama, dakata ka nuna wa likita kafin ka ci gaba.