Kafet ɗin murafun akwatunan bayan kujera na Corvette 1972: abin da na gani bayan na saka

Sati uku kenan da na saka kafet ɗin nan, na bari sai da mota ta sha rana ta sha tafiya kafin in ce komai a kai. Ga wanda bai san motar ba, Corvette ɗin 1972 ba ta da but da ake buɗewa ta waje, duk ajiyarka a bayan kujeru take, kuma a nan akwai ƙananan akwatuna uku masu murfi: na bayan direba batir ne a ciki, na bayan fasinja nan jak yake zama, sai na tsakiya na tarkace. Murafun nan uku su ne abin da ido yake fara sauka a kai in ka leƙa baya, shi yasa tsufansu yake damuna sosai. Nawa sun koɗe sun koma kalar toka, na batir kuwa ruwan batir ya cinye gefensa har katakon yana leƙowa.

Saitin da na yi oda guda uku ne a yanke, baƙi, irin saƙar nan mai madauki da ake ce wa 80/20, wato kashi 80 rayon kashi 20 nailan, irin wanda motocin Amurka na wancan zamanin suke zuwa da shi. Maganar gaskiya saƙar ta burge ni, na ɗora a kusa da kafet ɗin ƙasan mota, girman madaukin ɗaya ne, ba irin mai ƙyallin roba ɗin nan ba da kana gani ka san sabon shiga ne.

Cire tsohon shi ne aikin. Kowane murfi akwai firam na roba da ya zagaye shi ya danne bakin kafet ɗin, a tawa motar da ribit aka kama shi, wato ƙusar nan da ake matsewa ba ta kwancewa, sai da na huda kan kowane ribit a hankali, roba ce mai shekara sama da 50 in ka ɗan matsa mata tas za ka ji ta tsage, don Allah kar wanda ya sa sukudireba ya banƙara. Maɓallin buɗewa ma na kwance na ajiye kowanne da kusoshinsa a leda daban. Tsohon gam ya bushe ya zama kamar ƙanzo, na hura masa zafi da diraya ta gashi ina kankarewa da wuƙa mai faɗi, kusan awa biyu a murfi uku. Ban sa ruwa ba ko kaɗan saboda katakon matse ne, yana jiƙa zai kumbura.

To ga inda na ji haushin masu sayar da kafet ɗin. Ko takarda ɗaya ta bayani ba su saka a kwalin ba, kuma bayan kafet ɗin ya fi na asali kauri, da na gwada firam ya ƙi zama, gefe ɗaya ya shiga ɗaya ya ɗage. Sai da na ɗauki reza sabuwa na rage kaurin bayan a zagayen baki kafin ya kwanta. Ramin maɓalli ma ba su huda ba, amma wannan ban ga laifinsu ba, gara ka huda da kanka ta baya bayan ka manna, a daidai ramin katakon.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai shirin yin aikin nan ya kula da shi shi ne kwanciyar saƙa. Ka jera ukun a ƙasa cikin hasken rana kafin ka taɓa gam, ka shafa da tafin hannu, ka tabbata duk gefe ɗaya suka kwanta, in ka juya ɗaya wallahi sai ya fito kamar kalarsa daban alhali yadi ɗaya ne. Ni na yi wa bayan kowanne alamar kibiya da alli. Gam kuma irin wanda ake shafa wa fuska biyu na yi amfani da shi, na shafa a katako na shafa a kafet, na jira ya sha iska har ya daina bin yatsa sannan na haɗa daga tsakiya zuwa gefe, don in ya kama ya kama babu gyara. A waje na yi, warinsa yana hawa kai.

Yanzu rana ta dake shi ta gilas ɗin baya sau da yawa, babu inda ya ɗago, murafun suna rufuwa da ƙaramin sauti ƙas kamar da. Zan sake siya, kuma zan ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda kaurin bayan nan. Wanda firam ɗinsa ya riga ya tsage ya yi odar sabo tare da kafet ɗin lokaci ɗaya, kar ya manna ya zauna jiran kaya mota a buɗe.