Biki a tsibiri: Zanzibar ko Mauritius?

Masu shirin aure suna ta tambayata wanne za su zaɓa.

Wajen kuɗi Zanzibar ta fi sauƙi, sai dai tun 2024 kowane baƙo baligi daga ƙasar waje sai ya biya inshorar dala 44. Abinci kuwa nan ta fi burge ni: shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari, da daddare a Forodhani, kasuwar abincin dare ta bakin teku, ana gasa kifi a gabanka hayaƙi na tashi. Galibin mutanen tsibirin Musulmi ne, ba fargabar naman yanka.

Mauritius tana da otal-otal na alfarma da dholl puri, wani siririn burodi mai wake a ciki, gadon Indiyawa, amma sai ka tambayi halal. A guji Janairu zuwa Maris saboda guguwa. Zanzibar kuma ruwan Afrilu ba wasa.

Mai gayyar dangi da yawa ya nufi Zanzibar. Mauritius ta dace da ango da amarya da 'yan rakiya kaɗan, in aljihu da nauyi.