Zoben tumbi: abin da ya yi mini da abin da ya gagare shi

Duk wanda ya ji an yi mini tiyatar rage ƙiba, tambayarsa ta farko ita ce ko an yanke mini ciki. Ba a yanke mini komai ba. Zobe ne na robar silikon aka ɗaura a wuyan tumbi, can sama inda hanyar abinci take saukowa daga maƙogwaro. Zoben yana ware wani ɗan aljihu a sama wanda bai wuce mililita 15 zuwa 30 ba, sauran tumbin kuma yana nan a ƙasa yadda Allah ya halicce shi. A cikin zoben akwai 'yar balan-balan, daga ita wani siririn bututu ya taho zuwa wani maɓalli da aka dasa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan maɓalli likita yake soka allura, ya ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko ya zuƙe ya saki. Shekaru ke nan ina ɗauke da shi, kuma hukuncina a taƙaice shi ne: ya yi mini amfani, amma ba zan ce wa kowa ya je ya sa ba sai na san nisan gidansa da asibitin da zai riƙa gyara masa shi.

Kafin tiyata ma'aunina na ƙiba, wato BMI, ya haura 40. Lissafin ba wuya, nauyi ne a kilo ake rabawa da tsawo a mita, a sake rabawa da tsawon, amma lambar ba ta faɗin yadda rayuwa take. Ina shan maganin hawan jini, sugana yana bakin iyaka, gwiwoyina suna ƙara idan na tashi. Da dare minsharina yakan yanke, numfashi ya tsaya, maigida ya girgiza ni in farka a firgice. Idan na shiga wuri, idona yana kan kujeru, ina neman wadda ba ta da hannu. Ko ciwon kunne na kai asibiti, sai an ce in rage ƙiba. Kuma na rage, ba sau ɗaya ba. Kowane tsarin abinci na bi, nauyi yakan sauka, bayan 'yan watanni ya dawo da riba.

Tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce a yi tiyatar ga mai BMI 40, ko mai 35 da ke fama da ciwo irin suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta ta. Ni dai ta kowace fuska na cancanta. Likita ya jera mini hanyoyi uku: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri, ko a karkatar da hanji abinci ya tsallake wani sashe, ko zobe. Bai ɓoye mini ba cewa zobe ne mafi ƙarancin rage nauyi a cikinsu. Na zaɓe shi don tsoron wuƙa. Abin da aka yanke ba ya dawowa, zobe kuwa ana iya cire shi.

Yana da kyau mai tunanin wannan tiyata ya san tarihinta, don tarihin yana da abin faɗa. A 1993 wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, ya fara sa zoben ta ƙananan huji a ƙasar Beljiyam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, daga nan kasuwa ta buɗe. A 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na tiyatar ƙiba a Amurka zobe ne. Kafin ƙarshen shekarun nan goma ya faɗo zuwa kusan kashi 1 cikin 100, kamfanin da ke yin ɗayan samfurin, Realize, ma ya daina. Likitoci ba su guje shi haka kawai ba. Mutane da yawa sun koma ɗakin tiyata, wasu don gyara, wasu don cirewa.

Tiyatar kanta ita ce mafi sauƙin labarin. Mako biyu kafin ranar aka sa ni abinci marar maiƙo da ƙarancin sitaci don hanta ta ƙanƙance, saboda tana kwance a kan inda za a yi aikin. Aka yi mini allurar barci, aka yi 'yan huji a ciki, aikin bai kai awa guda ba, washegari ina gida. Abin da ya fi damuna ba ɗinkin ba ne, kafaɗata ce ta hagu, saboda iskar da ake hura wa ciki lokacin aiki. Mako biyu ruwa-ruwa, mako biyu abin da aka markaɗa, sannan mai laushi.

Sai yunwa ta dawo da ƙarfinta. An gaya mini za ta dawo, amma ji daban, gani daban. Ana barin zoben kusan babu ruwa sai ciki ya warke, wato mako huɗu zuwa shida. A wannan tsakanin mutum ya sha wuƙa, ya kashe kuɗi, ga shi yana cin abinci kamar ba a yi komai ba.

Ainihin abin da mutum ya saya shi ne ƙarin ruwan nan, kuma a nan ne alheri da wahalar zoben suke. Ana kwantar da kai, nas ta laluba maɓallin da yatsa, ta ce ka ɗaga kai don ciki ya ɗaure, ta soka wata allura ta musamman wadda ba ta ɓata robar. Bayan ta ƙara, sai ta ba ka ruwa ka kurɓa a gabanta a ga ko zai wuce. Likitan nan na Ostireliya, Paul O'Brien, wanda ya yi suna a wannan aiki, ya kasa yanayin zobe kala uku. Rawaya shi ne ya yi sako-sako, kana cin abinci da yawa kana jin yunwa. Ja shi ne ya matse fiye da kima, ga ƙwarnafi ga amai. Kore shi ne tsakiya, inda ɗan abinci kaɗan zai riƙe ka awoyi. Abin da ba ka fahimta sai ka shiga shi ne ƙanƙantar wannan tsakiyar. Rabin mililita na iya fitar da ni daga kore zuwa ja. Kuma zoben ba ya zama a hali ɗaya: da safe a matse yake, har wani lokaci ruwan ɗumi kaɗai ke wucewa, da yamma ya saki. Lokacin al'ada yana matsewa. Idan raina ya ɓaci yana matsewa. Idan na rame, kitsen da ke kewaye da tumbi ya ragu, sai ya yi sako-sako a sake komawa. A shekarar farko na san hanyar asibitin nan fiye da ta gidan 'yan'uwana.

Lokacin da yake a kore kuwa, ban taɓa samun hutu irinsa ba. Tun ina yarinya kaina bai taɓa rabuwa da tunanin abinci ba, ina cin na rana ina lissafin na dare. Sai ga shi na ci abin da bai cika ƙaramin faranti ba, na tashi, na manta. Wannan shirun da ke cikin kai ya fi mini saukar kilo daɗi.

Cin abinci da zobe kamar zuba abu ta mazurari ne, idan ka yi gaggawa ya toshe. Loma ƙarama, a tauna ta sau ashirin, a ajiye cokali, a jira, kuma bayan minti ashirin a tashi ko an gama ko ba a gama ba. Ba a shan ruwa tare da abinci. Ranar da loma ta maƙale, jiki magayi. Wani nauyi ne yake tokare ƙirji a bayan ƙashi, yawu mai yauƙi ya cika baki, idanu su kawo ruwa, ba ka iya magana. Ko dai ta wuce da kanta bayan 'yan mintuna, ko ta dawo. A gida wannan abin haƙuri ne. A cikin mutane kuwa, ka tashi daga tsakiyar hira ka nufi banɗaki da sauri, kowa ya bi ka da kallo. Har yau idan na je cin abinci a wani wuri, sai na fara gane inda banɗaki yake.

Babban aibin zoben a wurina shi ne zaɓinsa a karkace yake. Busasshen nama, burodi mai laushi, shinkafa, taliya, ganye mai zare, 'ya'yan itace masu ɓawo, su ne suke maƙalewa. Cakulan, askirim, lemon kwalba, biskit da ke narkewa a baki, duk suna sulalewa ba tare da an tsayar da su ba. Wato abin da ya kamata ka ci shi ke ba ka wuya, abin da ya kawo ka wannan hali shi ke wucewa salin-alin. Idan zoben ya matse da yawa, jiki da kansa yake karkata zuwa mai laushi da zaƙi, shi ya sa za ka ga mai zobe yana amai kullum kuma yana ƙara ƙiba. Masaniyar abincin da ke duba ni ta ce mini, "Malama, wanda ya ce a ƙara matse masa don ya fi ramewa, yawanci akasin haka yake samu." Haka abin yake. Zoben kuma bai san cin baƙin ciki ba, bai san cin kaɗaici ba. Wannan yunwar ba a tumbi take ba, sai da na nemi mai ba da shawara a kanta daban.

Me na samu? Na zubar da kusan rabin nauyin da ya yi mini yawa, a hankali cikin shekara biyu, ba faɗuwar farat ɗaya irin ta waɗanda aka yanke wa tumbi ba. Wannan ya yi daidai da abin da aka saba gani. Binciken da O'Brien da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna an zubar da kashi 47 cikin 100 na rarar nauyi bayan shekara 15, sai dai a tuna cewa cibiyarsu ta shahara da bin marasa lafiya sau da ƙafa, ba kowane asibiti ke haka ba. An rage mini maganin hawan jini, suga ya koma daidai, numfashina ya daina yankewa da dare. Ina hawa bene ina magana. Ina iya yanke farcen ƙafata da kaina. Ban zama siririya ba, kuma wanda ya gan ni yau, bai san ni a da ba, zai ce ni mai jiki ce. Gashi ya zube a watannin farko sannan ya dawo. Fatar dantse da ta ciki ta saki, ba ta da niyyar komawa. Ina jin sanyin da ban san shi ba a da.

Mutane ma sun canja, kuma wannan bai yi mini daɗi yadda na zata ba. Waɗanda ba sa kallona a da sun fara sakar mini fuska. Wasu kuma suka ce na bi gajeriyar hanya. Ƙanwata ce take ba su amsa, takan ce, "Ku zauna da Yaya ku ci abinci sau ɗaya, sannan ku faɗi haka."

Inda zan rage wa wannan hidima maki sosai shi ne kulawar bayan tiyata. Asibitin da ya yi mini aikin ya lallaɓa ni kafin a shiga, amma da wa'adin kulawar da ke cikin yarjejeniya ya ƙare, samun ganin likita ya zama aiki. Akwai lokacin da aka ƙara mini ruwa ya yi yawa. Da dare ruwan tsami yake hawowa har hanci, in farka ina tari, kafin wayewar gari ko yawu ba ya wucewa. Na buga waya ba a ɗauka ba. Asibitin da ke kusa da ni ba su da allurar, ba kuma wanda ya taɓa laluben irin maɓallin. Sai da aka yi mini ƙarin ruwa ta jijiya, aka nemo wanda ya iya. Zuƙe mililita ɗaya, aikin minti biyu, shi ya raba ni da wannan azaba. Duk mai zobe ya riƙe wannan: idan ruwan sha ya ƙi zama a ciki, ba a jira gobe. Zoben yana iya zamewa, tumbi ya turo ta cikinsa ya shaƙe, kuma wannan na gaggawa ne. Yana iya cin bangon tumbi a hankali ya shige ciki, alamarsa sau da yawa ita ce ka ji matsin ya ɓace, ko wurin maɓallin ya yi ja ya kumbura. Bututun na iya yoyo, maɓallin na iya kifewa, hanyar abinci na iya buɗewa idan an daɗe a matse. Don haka ake ɗaukar hoto lokaci-lokaci, a ba ka wani farin ruwa ka sha ana kallon saukarsa.

Maganar cewa ana iya cirewa gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Cirewa wata tiyata ce, tana barin tabo a tumbi, kuma yawancin waɗanda aka cire wa nauyin yana dawowa, shi ya sa da yawa ake juya musu zuwa yankan tumbi ko karkatar da hanji. Ga kuma alluran rage ƙiba irin su Wegovy, da aka amince da ita a Amurka a 2021, waɗanda babu su lokacin da na yanke shawara. Da yau ne, da su zan fara tambaya.

Zoben ya dace da mai cin abinci da yawa a zama ɗaya, wanda zaƙi bai dame shi ba, mai haƙurin tauna, wanda kuma asibitin gyara yake kusa da shi. Mai yawan tsince-tsince, ko mai tsohon ƙwarnafi, ko wanda zai yi tafiya wata ƙasa a sa masa ya dawo inda babu mai duba shi, ina ganin ya nemi wata hanya. Kafin ka sa hannu, ka tambayi likitan zobe nawa ya sa bara, nawa kuma ya cire. Ka tambayi wanda zai zuƙe maka ruwa da tsakar dare ranar hutu, da abin da zai faru idan wa'adin kulawa ya ƙare. Nawa zoben yana nan, an bar shi da ɗan sassauci fiye da da, kuma mun yi magana da likitan da nake gani yanzu cewa idan hoto na gaba ya nuna hanyar abinci ta fara buɗewa, cire shi za a yi.