Gargaɗi: a yi hattara da masu tallar "X99 Gaming" a Facebook da WhatsApp

Jama'a, musamman ƙannenmu da ke tara kuɗi sisi-sisi don haɗa kwamfutar buga gem, akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a shafukan saye da sayarwa. Za ka ga hoton madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran sassan kwamfuta a kai, baƙi wuluk, da jan ƙarfe a gefe, an kunna masa fitilu masu launi, an rubuta X99 ɓaro-ɓaro a jikinsa. Tare da shi an haɗa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), duka a farashin da bai kai na madabod mai kyau shi kaɗai ba. Kana tambaya mai kaya zai ce maka: "Yallaɓai, sabo ne dal a kwali, furosesan nan kai goma sha biyu gare shi, ya wuce i7, shekara goma za ka yi ba ka canza komai ba." A cikin maganar nan tasa, adadin kawunan ne kawai gaskiya.

Ga abin da ke cikin kwalin. Intel ta fitar da cifset ɗin X99 (ɗan guntun da ke haɗa sassan allon) tun 2014, da soket ɗin LGA 2011-3 (mazaunin furosesa a kan allon), kuma ta daɗe da barin sa. Furosesan da suke haɗawa da shi yawanci Xeon ne, irin su E5-2670 v3 na 2014 ko E5-2680 v4 na 2016, waɗanda aka kwance daga manyan kwamfutocin kamfanoni bayan sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Allon kansa sabon ƙira ne, amma cifset ɗin da ke kai, a masu arahar, sau da yawa ɓanɓaro shi aka yi daga wani tsohon allo aka sake liƙawa. Wani ma ba X99 ba ne sam, H81 ne ko B85, suna kawai aka ara masa. Akwai ƙanana daga cikinsu da hanyar RAM biyu kawai aka ja musu, alhali X99 na gaske huɗu gare shi.

Zancen kai goma sha biyu, wato yawan sassan furosesa masu aiki (cores), shi ne ƙugiyar da ke kama yara. Yawancin gem sun fi buƙatar saurin kowane kai a kan yawan kawunan. E5-2670 v3 yana tafiya ne a 2.3 GHz, in ya yi iya yinsa ya kai 3.1. Ryzen 5 5600 mai kai shida, wanda ya fito a 2022, zai bar shi a baya a kusan duk gem ɗin da ka sani, ya kuma ci wuta ƙasa da shi. Wanda ke kan janareta ko sola ya san ma'anar hakan.

Sai batun daɗewa, wanda nan ne ƙaryar ta fi ciwo. Soket ɗin ya mutu, babu wani sabon furosesa da zai sake fitowa dominsa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma waɗannan Xeon ɗin ba sa cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ana iya yin dabara a ɗora ta, na sani, masu gyara suna yi kullum. To amma gem ɗin Valorant a kan Windows 11 tana neman matakan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot, gem ɗin Battlefield 6 ma ba ta tashi sai da Secure Boot. Da yawa daga allunan nan ba su zuwa da TPM, BIOS ɗinsu (manhajar da ke tayar da allon) kuma babu wanda zai sabunta maka. Ka biya kuɗi, ka saya katin hoto mai tsada, gem ɗin da ka yi wahalar dominta ta ƙi buɗewa.

Ni ban ce haramun ne sayar da wannan kaya ba. Wanda ya san abin da yake saya, yana son injin gwaji ko na sarrafa bidiyo da araha, ruwansa. Laifin mai kaya shi ne ya kira gwanjo sabo, ya ɓoye shekarunsa, ya sa masa kuɗin sabo.

Akwai wasu kuma da kayansu na sanannun kamfanoni ne, amma gyararre aka mayar cikin kwali. Kafin ka taɓa aljihu, ka ɗauki allon zuwa bakin ƙofa inda rana take. Lambar siriyal da ke jikinsa ta dace da ta kwalin? Ka juya bayansa: in ka ga tabo mai ƙyalli kamar busasshen ƙaro kusa da soket, ko wuri ya yi ruwan ƙasa, an sa masa iskar zafi. Ramukan sukurori in sun goge, an taɓa ɗaure shi a wata kwamfuta. Sannan ka sa ya cire murfin soket a gabanka, ka haska da tocilan waya ta gefe. A soket ɗin LGA 1700 na Intel da AM5 na AMD, filolin da ke taɓa furosesa a cikin soket suke, sirara ƙwarai, jere reras. Guda ɗaya in ya kwanta za ka ga haskensa ya bambanta da na sauran. Fil ɗaya kan iya kashe ramin RAM, kuma kamfanoni ba su cika karɓar irin wannan a garanti ba. Gobe in ka dawo da shi, kai za a ce ka lanƙwasa.

Kada ka yarda da "ai an gwada". A haɗa a kunna kana tsaye, a shiga BIOS, a jarraba kowane ramin RAM da na M.2 (ramin ma'ajiyar SSD), a buɗe manhajar CPU-Z ko HWiNFO ka karanta sunan allon da cifset da idonka. Mai kayan da ya fara tsaki yana cewa kana ɓata masa lokaci, ka yi masa sallama. Wanda kuma ya ce sai ka tura kuɗi duka kafin ya ba direba, asusun ma da sunan wani daban, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

In daɗewa kake nema da gaske, soket ake fara dubawa. AM4 na AMD ya fito a 2016, kuma mutane da dama da suka sayi allon B450 sun ɗora furosesan Ryzen 5000 daga baya bayan sabunta BIOS. AM5 ya zo a 2022, RAM nau'in DDR5 kaɗai yake ɗauka, AMD kuma ta ce za ta riƙe shi har 2027 ko fiye. Allon B650 mai ƙarfen sanyaya a kan VRM (sashen da ke ba furosesa wuta) ya ishe ka, ba sai ka kai ga X670 ba. Da zafin watan Afrilu a garuruwanmu, ni ba zan sayi allon da VRM ɗinsa ke tsirara ba ko da an rage min. In aljihu bai kai ba, allon B550 na AM4 da Ryzen 5 5600 ya fi wancan tarkacen nesa ba kusa ba. LGA 1700 na Intel yana aiki lafiya, sai dai ka sani ya tsaya a furosesocin Intel zubi na 14.

Wanda aka riga aka cuta, kada ya goge hirar. Ya ɗauki hoton tallar da saƙonnin da rasidin tura kuɗi, ya je bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Ya kuma kai rahoton shafin ga Facebook, domin masu wannan sana'a sukan canza suna su dawo da hotunan da suka yi amfani da su a baya.