Irin Gado, Irin Aure ko Dashe: Abin da Mai Lambun Gida Zai Duba Kafin Ya Saya

Wanda ya gyara 'yar ƙasarsa a bayan ɗaki, ya zuba taki, ya tanadi ruwa, yakan ɗauka cewa ya gama da babban aiki, saura kawai ya je ya sayo iri. Amma a wurin sayen irin nan ne ake yanke hukuncin abin da zai shiga tukunya bayan wata uku, domin ƙasa da ruwa ba za su fitar da abin da babu shi a cikin ƙwayar ba. Hanyoyi uku ne a gaban mai saye: ko ya sayi irin gado, wanda ake ajiye shi shekara bayan shekara, ko ya sayi irin aure, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, ko kuma ya sayi dashe da wani ya riga ya raina. A ganina kowane kayan lambu yana da hanyar da ta fi dacewa da shi, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki hanya guda a ɗora wa lambun gaba ɗaya.

Kafin a duba fakiti, a fara duba cefanen gidan. Iyalin da kullum tukunyarsu ke cin tumatir da albasa da barkono da ganye ba su da dalilin cika fili da kabeji don kawai hotonsa ya yi kyau a jikin takarda. Haka kuma yawan irin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba. Giram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, na latas kuwa ya haura 800, alhali gindin tumatir goma da aka kula da su sosai sun isa su riƙe ƙaramin gida a lokacinsu. Sayen babban gwangwani don ya fi arha asara ce ga mai ƙaramin fili, domin ragowar za ta mutu a ajiye kafin a kai gare ta.

Irin gado shi ne wanda iska ko ƙwari ko furen kansa ke yi wa barbara ba tare da hannun mutum ba, kuma abin da ya fi daraja a gare shi shi ne 'ya'yansa suna ɗauko halin iyayensu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tumatir Roma, wanda ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar a 1955, da kuɓewa Clemson Spineless da ta fito a 1939, da karas Nantes, da albasa Red Creole, duka suna cikin wannan aji. Farashinsu yana da sauƙi, sun daɗe a hannun manoma har an san halinsu, kuma wanda ya saye su sau ɗaya zai iya ɗibar irinsa da kansa. Wannan ɗiba tana da sauƙi a tumatir da wake da latas, domin furensu kan yi wa kansa barbara. A matse ƙwayar nunannen tumatir a cikin kofi tare da ruwanta, a bar ta kwana 2 ko 3 har yauƙin da ke lulluɓe da ita ya narke, a wanke, a shanya a inuwa. Kabewa da kokwamba kuwa ƙudan zuma ne ke kai musu barbara daga gindi zuwa gindi, saboda haka idan maƙwabci ya shuka wani nau'in dabam, irin da aka ɗiba zai fito gauraye. Barkono ma yakan yi hakan, kuma tattasan da aka shuka kusa da mai yaji yana iya ba da irin da 'ya'yansa za su fito da yaji a shuka ta gaba.

Irin aure kuwa ana samun sa ne ta hanyar haɗa iyaye biyu da aka tace kowannensu na tsawon shekaru, sannan a yi musu barbara da gangan. Zuriyar farko da ta fito daga wannan haɗi, wato F1, takan fi iyayenta ƙarfi da yawan 'ya'ya, kuma tsironta kan tashi kai ɗaya, ya nuna kusan lokaci ɗaya. Ya kamata a sani cewa wannan aure ne irin na fure da fure, ba shi da alaƙa da sauya ƙwayar halitta a ɗakin bincike, domin mutane da yawa suna haɗa su biyun su guje wa abin da bai kamata su guje masa ba. Tsadarsa ta samo asali ne daga aikin hannu, musamman a tumatir da barkono, inda ake bin fure ɗaya bayan ɗaya. Nakasunsa ga mai lambun gida shi ne ba a ɗibar iri daga gare shi. Tun a 1866 masanin kimiyya Gregor Mendel ya bayyana, bayan gwajin da ya yi da wani nau'in wake, cewa halayen da suka ɓuya a zuriyar farko suna sake bayyana a ta biyu. Wanda ya shuka ƙwayar da ya cire daga tumatir F1 zai ga wani gindin dogo, wani gajere, wani mai 'ya'ya ƙanana, har ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

To, a ina ne kuɗin irin aure ke biyan kansa? A wurin da cuta ta riga ta zauna. Idan ganyen tumatir ya saba nannaɗewa ya yi rawaya, gindin ya tsugune ya ƙi girma, sau da yawa cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce, kuma babu feshin da ke warkar da gindin da ya riga ya kamu. A irin wannan fili, nau'in da aka rubuta TY ko TYLCV a fakitinsa, wato mai juriya ga wannan cutar, ya cancanci kuɗinsa. Sauran haruffan ma suna da ma'ana: V da F suna nufin juriya ga cututtuka biyu na ƙasa masu sa tsiro ya yi yaushi ya mutu, shi ya sa ake ganin Roma VF, N kuwa tana nufin juriya ga ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, waɗanda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. A tumatir da kabeji da tattasai da kokwamba, ina ganin irin aure ya dace idan fili ƙarami ne kuma ana son kowane gindi ya ba da amfani. A alayyafo da kuɓewa da latas da wake, irin gado ya wadatar, ƙarin kuɗin ba ya kawo bambancin da tukunya za ta ji.

Akwai abu guda da ya shafi girki kai tsaye, wanda masu saye ba sa tambaya. Tumatir kashi biyu ne. Akwai mai tsayawa a iyakar tsawonsa ya zubo 'ya'yansa cikin 'yan makonni, kamar Roma, akwai kuma mai ci gaba da miƙewa yana fure yana 'ya'ya har sai yanayi ya kashe shi. Na farko ya dace da mai son ya tara da yawa ya markaɗa ko ya shanya, musamman Roma da namansa ya fi ruwansa yawa. Na biyu yana bukatar sanda da ɗauri, amma shi ne ke ba uwargida huɗu yau, biyar jibi, na tsawon watanni, kuma ga girkin yau da kullum wannan ya fi amfani fiye da kwando guda da zai nuna rana ɗaya.

Yanayi kuwa shi ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Irin latas yakan ƙi tsira idan zafin ƙasa ya kusanci digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, tumatir kuma yakan zubar da furensa idan zafin rana ya wuce digiri 32 kuma dare bai yi sanyi ba, alhali kuɓewa a lokacin ne take jin daɗi. Albasa ta fi kowa tsauri, domin tsawon yini ne ke sa ta yi kai. Akwai nau'in da ke yin kai idan hasken rana ya kai awa 10 zuwa 12, akwai wanda sai ya kai awa 14 zuwa 16. Na taɓa sayen irin albasa don kyan hotonsa, ban karanta wannan bayanin ba, mai sayarwar ma bai ambata ba. Na yi wata biyar ina ban ruwa, ganye ya yi kore shar har gwiwa, amma da na tuge sai na tarar da gindi siriri kamar yatsa. Irin lafiyarsa ƙalau, an yi shi ne domin ƙasashen da yininsu ke tsawo a lokacin zafi. Wanda ke kusa da tsakiyar duniya, inda dare da rana ba su cika bambanta ba, ya nemi nau'in gajeren yini irin su Red Creole.

Dashe shi ne hanya ta uku, kuma ga wanda ya fara lambu a bana shi na fi ba da shawara a tumatir da barkono da yalo da kabeji da albasa. Yana rage mako 4 zuwa 6 na raino a tumatir, fiye da haka a barkono, kuma yana tsallake lokacin da ƙananan tsirrai suka fi mutuwa. Sai dai ana sayen dashe tare da duk abin da ke jikinsa. A ɗauki guda a juya ganyensa a duba ƙarƙashi ko akwai farin ƙuda ko ƙwansa, sannan a roƙi mai shi ya cire ɗaya daga ƙasa. Saiwa mai lafiya fara ce, mai gashi-gashi, ba ta da wari. Idan ta yi baƙi, ko tana da ƙulle-ƙulle kamar carbi, a bar ta a wurin, domin tsutsar da ta shiga fili sau ɗaya tana daɗewa ba ta fita ba. Gajeren dashe mai kauri ya fi dogo siriri, wanda ya riga ya fara fure a cikin leda kuma ya tsufa, ba zai yi ƙarfi ba bayan an dasa shi. A tambayi sunan nau'in, in mai sayarwa bai sani ba, to mai saye ya san cewa sa'a yake saye. Karas kam ba a sayen dashensa, domin saiwar da aka taɓa takan karkace ko ta rabu biyu, kuɓewa da wake da kokwamba ma sun fi son a shuka su a inda za su zauna.

Ko wane iri aka zaɓa, a duba ranar da aka ƙunsa shi da adadin tsiron da aka yi alkawari, a kuma guji fakitin da ya daɗe a rana har launinsa ya koɗe. Irin albasa ba ya wuce shekara 1 ko 2 da ƙarfinsa, na barkono da kuɓewa kamar shekara 2, na karas 3, na tumatir da kabeji kan kai 4 idan an adana su da kyau. Irin da aka gani da launin ja ko kore ko shuɗi an shafa masa maganin cuta ne, ba a ci, ba a ba dabba, kuma a wanke hannu bayan taɓa shi. Kwanakin nuna da ake rubutawa a fakitin tumatir da barkono yawanci daga ranar dasawa ake ƙirga su, saboda haka a ƙara makonnin raino a kai.

Idan ana shakkar iri, gwajinsa ba ya cin ko sisi. A ƙirga ƙwaya 10, a jera su a kan tsumma mai laima, a naɗe, a sa a leda a ajiye a wuri mai ɗumi, ana buɗewa kowace safiya. Cikin mako guda zuwa kwana 10 za a ga farin bakin saiwa yana leƙowa. Idan 8 suka tsira, irin yana da kyau. Idan 5 ne, a ninka yawan da za a shuka. Ƙasa da haka, a sayi sabo. Ragowar da ta rage bayan shuka kuwa zafi da laima ne maƙiyanta, har masana iri suna ƙiyasta cewa duk saukar zafi da digiri 5 tana ninka tsawon ran iri. A zuba ta a takarda, a rubuta sunan nau'in da shekarar saye, a sa a kwalba mai murfi tare da ɗan busasshen gawayi, a ajiye nesa da murhu.